Rasa gona a Madawa, Buza da Keita

A karkarar jihar Tawa, gona ce ke ba magidanci matsayi. Daga gare ta ake cika rumbu, da ita ake aurar da 'ya'ya, ita ake rabawa gado. Wanda aka raba da ita ya koma ɗan ƙodago, kuma ba a cika neman shawararsa a ƙofar maigari ba.

Ƙaramar hukumar Bangi da ke gundumar Madawa ta karɓi dubban mutanen da 'yan bindiga suka koro daga gabashin jihar Sakkwato, musamman yankin Sabon Birni. Harshe ɗaya, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ne, don haka aka buɗe musu ƙofa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suna ba da matsuguni da hatsi. Sai dai manomin da aka ba aron fili ba ya kai masa taki, ba ya dasa itace, domin bai san ko zai sake noma shi baɗi ba. Masu masaukin ma a ƙuntace suke: a Bangin ne rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka a Nuwamban 2016.

A Keita da Buza, zaizayar ƙasa da fari ne suka daɗe suna ƙwace gonaki. Shirin raya Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da goyon bayan hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), ya farfaɗo da faƙo mai yawa, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai tsoka na aikin dutse yayin da maza ke ci-rani. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka soma dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska. Amma da fili ya farfaɗo, sai batun mallaka ya taso, kuma macen da ta ɗauki dutsen ba ta cika samun rabo ba.

Dokar filayen karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da za su riƙa rubuta saye, aro da jingina. Muna ganin a nan ya kamata a zuba kuɗi: a ba kwamitocin ƙauyuka kayan aiki, a rubuta aron gona ga 'yan gudun hijira na shekaru ƙayyadaddu, a gaban maigari da shaidu, yadda mai gona ba zai ji tsoron rasa ta ba, baƙo kuma zai san damina nawa gare shi.