Inda Aka Ce Kada a Yi Gini

Mutumin Toranke da ya je cirani Abuja yakan dawo da labarin manyan tituna da dogayen benaye. Da wuya ya ambaci kwaruruka da bakin rafukan da aka bari babu gini tsakanin unguwanni, alhali a nan ne hikimar tsarin birnin take.

Bayan gwamnatin Murtala Muhammed ta zartar a 1976 cewa za a tashi daga Legas, an danƙa aikin zana sabon birnin ga wata haɗakar kamfanonin Amurka, International Planning Associates, wadda ta miƙa taswirarta a 1979. A cikin haɗakar akwai kamfanin Wallace, McHarg, Roberts and Todd. Ian McHarg, ɗan asalin Sikotilan, ya yi suna da koyarwar cewa kafin a ja layin titi sai an fara karanta ƙasa: ina ruwa yake bi, ina tudu, ina fadama. A kan irin wannan tunani aka keɓe duwatsu da hanyoyin ruwa, aka hana gini a kansu. Manomin Ajingi ba zai ga baƙon ilimi a nan ba, domin shi ma ba ya kafa ɗaki a fadama.

Abin da aka fi nuna wa baƙi shi ne lambun Millennium da ke Maitama, mai faɗin kadada 32, zanen Manfredi Nicoletti na Italiya, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003. Yana da kyau, babu musu. Sai dai leburan da ke kwana a Nyanya ko Mararaba ba zai biya kuɗin mota don ya sha inuwa ba, shi da ya baro inuwar darbejiya kyauta a ƙofar gidansu.

Waɗancan filayen da ke tsakanin unguwanni su ne rabon irinsa, kuma su ake ta yankawa fuloti-fuloti, ana mayar da su shaguna da wuraren shaƙatawa na kuɗi. Jami'in da ya sa hannu yana ganin fili ne da ke zaman banza. Ruwan damina kuwa hanyarsa yake gani, kamar yadda ambaliyar 2023 ta nuna a Lugbe, kamar kuma yadda Kano take ɗanɗanawa tun da aka shiga cike kududdufanta ana gini a kai.