Naman Kazan Ƙasar Sin

Zancenmu na wannan mako a kan wani naman kaza ne da ake tallarsa gida-gida, gari ko ƙwaya ko a haɗe da kofi. Mutanen Japan suna kiransa reishi, Sinawa kuwa lingzhi. Ba irin mai tsirowa a juji da damina ba ne. Wannan a jikin itace yake fitowa, ja mai sheƙi, ga tauri ga ɗaci. Ba ya miya, sai dai a tafasa a sha ruwan. Sinawa sun yi wajen shekara 2,000 suna ɗaukarsa maganin tsawon rai.

To, me likitoci suka gani? A 2015 masanan Cochrane suka duba gwajin da aka yi wa masu ciwon sukari, ba su ga ya saukar da sukari ko hawan jini ba. A 2016 suka duba na masu ciwon daji. Ya ɗan ƙarfafa garkuwar jikin masu shan maganin asibiti, amma ba a sami shaidar ya ƙara musu kwana ba, balle ya warkar shi kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne uwargida ta ajiye wa maigida ƙwayoyinsa na asibiti don mai talla ya yi mata daɗin baki. Kada ki yarda. Mai ciki da mai goyo su ƙyale shi. Mai shan maganin tsinka jini, ko wadda za a yi wa fiɗa, ta tambayi likita tukuna, gama yana iya sa jini ya ƙi tsayawa. An kuma sami waɗanda garinsa ya taɓa musu hanta.