Matar Da Tsadar Wuta Ta Ɗora Bisa Kujera

Yau zancen wutar lantarki za mu yi. Kada wata ta ce wannan maganar maza ce. Ran da aka ɗauke wuta, uwargida ce miyarta ke lalacewa a firji, ita ce ƙanƙararta da zoɓonta na sayarwa ke tashi a banza, ita ce za ta yi yawon neman injin markaɗe. 'Yar makaranta kuwa ta koma karatu da fitilar hannu. To, wane ne ke yanke kuɗin wutar nan? Amsar tana cikin labarin wata mace a Amurka.

Sunanta Alicia Johnson, baƙar fata ce, 'yar garin Sabana a Jihar Jojiya. Ba injiniya ba ce. Aikinta na baya shi ne harkar kiwon lafiyar jama'a da taimakon talakawa, har ta shugabanci wata ƙungiyar yaƙi da talauci a garinsu. Watau ta san gidajen da ake zaɓi tsakanin sayen magani da biyan kuɗin wuta.

A jiharsu akwai hukuma mai wakilai biyar, wadda kamfanin wuta na Georgia Power ba shi da ikon ƙara ko sisi sai da yardarta. Wakilan nan kuwa jama'a ne ke zaɓensu da ƙuri'a, kamar yadda muke zaɓen gwamna. Daga 2023 an yi ƙari har sau shida da amincewar hukumar, abin da ya ɗora wa gida matsakaici kimanin dala 43 a kowane wata. Wani ɓangare na ƙarin ya tafi ne wajen biyan aikin tashar nukiliya ta Vogtle, wanda ya makara da shekara bakwai, ya kuma ci fiye da dala biliyan 30.

Da zaɓe ya zo ran 4 ga Nuwamba, 2025, sai mutane suka huce haushinsu a akwatin ƙuri'a. Malama Alicia, 'yar jam'iyyar Dimokurat, ta kayar da Tim Echols wanda ke kan kujerar tun 2011, da ƙuri'a fiye da kashi 60 cikin ɗari. Abokin takararta Peter Hubbard shi ma ya ci tasa kujerar. Ita ce baƙar mace ta farko da aka zaɓa cikin wannan hukuma.

Abubuwan da ta yi alkawari uku ne. Na ɗaya, kuɗin wuta ya zama wanda talaka zai iya biya. Na biyu, hukuma ta riƙa aiki a fili, jama'a su san dalilin kowane ƙari. Na uku, a ƙara amfani da hasken rana, manyan gidajen kwamfuta masu shan wuta kamar gari guda kuma su ɗauki nauyin kansu, kada a jibga wa magidanta.

Amma fa a lura, cin zaɓe ba shi ne cika alkawari ba. Ku yi lissafi, 'yan makaranta: su biyu ne suka shiga cikin biyar, sai sun jawo mutum ɗaya kafin maganarsu ta wuce. Kuma a Disamba 2025, kafin su kama aiki, tsofaffin wakilai suka amince wa kamfanin ya ƙara tashoshi na kusan megawat 10,000. Sun tarar da tuwo an riga an kwashe.

To, mu dawo gida. A nan Nijeriya ba mu zaɓen masu wannan aiki. Hukumar NERC ce ke yanke farashi, Shugaban Ƙasa ke naɗa wakilanta, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ita ce a Afrilu 2024 ta ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda aka ce za a ba su wuta awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Ita ce kuma a Janairu 2024 ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara, saboda bashin kimanin naira biliyan 110. Kun ga ashe hukumar da ba mu san fuskar mutanenta ba tana da hannu cikin tukunyar kowace mace daga Shika zuwa Samaru har Sabon Gari.

Wani sabon abu shi ne, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar. Inugu da Ekiti da Ondo sun karɓi nasu ikon a 2024. A Yuli 2025 hukumar Inugu ta rage kuɗin rukunin A daga naira 209 zuwa 160, kamfanonin wuta suka yi ca, suna cewa kuɗin ba zai biya abin da suke kashewa ba.

Shin zaɓen ya fi naɗi? Kowanne da aibinsa. Wanda aka zaɓa yana tsoron jama'a, amma yana iya yin alkawarin arha don neman ƙuri'a, kamfani ya rasa kuɗin gyara, arha ta zama ba ta ado. Wanda aka naɗa yana iya zama gwani, amma kunnensa ya fi karkata ga wanda ya naɗa shi. A ganina darasin Jojiya bai tsaya ga akwatin ƙuri'a ba. Mutanen can sun san sunan hukumar, sun san wakilanta, sun riƙe lissafin abin da aka ƙara musu. Wannan kuwa ba ya bukatar canza doka.

Saboda haka, uwargida, ki riƙa adana takardun biyan kuɗin wuta. Ki sa 'yarki ta buɗe ɗan littafi tana rubuta awa nawa aka kawo wuta kowace rana. Ga aikin lissafi, ga shaida. In gidanku ba mita, ku nema, domin tun 2020 NERC ta sa iyaka ga kuɗin da ake yanke wa marasa mita. Ƙa'idarta kuma ta ce sayen taransifoma da turakun wuta aikin kamfani ne, ba na 'yan unguwa ba. In akwai kuka, a fara kai shi a rubuce ofishin kamfani. In ba a share hawaye ba, a wuce ofishin sauraren koke na NERC a Kaduna. Ƙungiyoyinmu na mata da na adashi su tafi tare, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma duk ɗan takarar majalisar jiha da ya zo neman ƙuri'arku, kafin ku karɓi atamfa da sabulu, ku tambaye shi: wa zai zauna a hukumar wutar jiharmu, kuma mata nawa ne a ciki?

Sai mun sadu a mako mai zuwa.