Daga Shafin Baya Mutuwar Jarida Take Farawa

Duk lokacin da aljihun kamfanin jarida ya fara yoyo, marubucin wasanni ne na farko da ake nuna wa ƙofa. Hujjar masu kamfani ba ta sauyawa: wai wasa nishaɗi ne, kuma kowa yana ganin sakamakon ƙwallo a wayarsa. Ni kuwa na ce wannan hujja gurguwa ce. Jaridar da ta kori mai rubuta shafinta na baya ta rufe ƙofar da matasa ke bi su shigo gidanta.

Cutar ba a kanmu ta tsaya ba. A 2022 jaridar New York Times ta Amurka ta sayi kafar wasanni ta The Athletic a kan dala miliyan 550, a watan Yulin 2023 kuma ta rushe sashenta na wasanni ɗungurungum. A watan Janairun 2024 aka aika wa galibin ma'aikatan mujallar Sports Illustrated takardar sallama. Sai dai su can suna da madadi. Mu a Arewa ba sashe ɗaya muka rasa ba, gidajen ne suka zube da mutane a ciki.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. New Nigerian ta biyo baya a Kaduna a 1966. Su biyun sun koma hannun gwamnonin jihohin Arewa goma sha tara, kuma a hannunsu suka daina zuwa kasuwa, bayan ma'aikata sun shafe watanni ba albashi, tsofaffin ma'aikata kuma sun kwashe shekaru suna jiran haƙƙoƙinsu. A Kano, kamfanin Triumph da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a 1980, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, gwamnati ta garƙame shi a 2012. An sake buɗe shi daga baya, amma gwanayen da suka watse ba sa dawowa da sanarwar gwamnati. Gwamnoni goma sha tara sun kasa riƙe jarida biyu! Wannan ba talauci ba ne, rashin so ne.

Me muka yi asara? Na farko, tarihi. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Kano Pillars ta ci a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Waɗannan an rubuta su, shi ya sa ba a musu a kansu. To, dambe da kokawa da langa da ake yi bayan kaka a garuruwan ƙasar Haɗeja fa? Sunan Shago ya rayu ne domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Ɗan damben da bai sami makaɗi ba, bai kuma sami marubuci ba, ranar da ya kwance zare tarihinsa ya ƙare.

Na biyu, sa ido. Ƙungiyoyi irin Jigawa Golden Stars da kuɗin jama'a ake riƙe su. Wa zai tambayi yadda aka kashe kason wasanni? Wa zai bi kadin ɗan wasan da ya karye aka watsar da shi? Mai magana da yawun hukuma ba zai tona asirin mai biyansa ba. Wannan aikin ɗan jarida ne mai albashi, wanda ba ya jiran na goro kafin ya ɗauki alƙalami.

Na uku, kuma mafi ciwo, karatu. A Malam Madori, garin da layin dogon Kano zuwa Nguru ya raya, matashi zai jero maka 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya a gidan kallo, amma da wuya ya karanta shafi guda na Hausa a kan ƙungiyar unguwarsu. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya rubuta masa. Yaro ba ya fara karanta jarida daga sharhin kasafin kuɗi. Daga ƙwallo yake farawa, ya lallaɓa zuwa shafin gaba. Kuma wakilin da ke zuwa filin wasa ranar Asabar shi ne zai hau kwalekwale ya kawo labari idan kogin Haɗeja ya cinye gonaki, kamar yadda ya yi a 2022. Idan an sallame shi, an sallami idon gari gaba ɗaya.

Za a ce mini Facebook ya maye gurbi. Ban raina masu ɗora bidiyon dambe ba, sun kai wasan inda takarda ba ta taɓa kai shi ba. Amma bidiyo yana nuna wanda ya faɗi ne kawai. Ba ya tambayar nawa aka tara a ƙofa, nawa aka ba wanda ya zubar da jini. Babu edita, babu gyaran kuskure, babu ma'ajiya; an rufe shafi, komai ya bi iska. Ba takarda nake wa kuka ba. Aminiya tana fitowa a intanet, ana kuma karantawa. Abin da nake karewa shi ne mutumin da ake biya domin ya je, ya gani, ya tantance, ya rubuta.

Don haka laifin na mutum uku ne. Gwamnonin da ke son a yabe su amma ba sa son a tambaye su. Masu kamfanin da ke kwafo labarin gasar Ingila kyauta, su bar filin da ke bayan ofishinsu. Sai mu masu karatu, da ke biyan kuɗin gidan kallo kowane mako, amma muna ƙyashin sayen jarida. Gidajen rediyo da jaridun da suka rage su ajiye wakilin wasanni a kowace masarauta ta Jigawa, attajiranmu su ba da talla, gwamnoni su biya tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu. Gemun Kaduna da na Kano sun riga sun kama da wuta. Wanda bai shafa wa nasa ruwa ba, kada ya ce ba a gaya masa ba.