Sharhi: Murjanin teku yana koɗewa



Idan aka ambaci murjani, abin da ya fi zuwa mana a rai shi ne jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya. Amma akwai wani irin murjanin da yake gina tuddai a cikin teku, kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi kuma hasken rana yana ratsa shi. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa, suka bi ta Sudan har Sawakin, sun kwana a garin da aka gina gidajensa da duwatsun wannan murjani. Tsohon garin Jidda ma haka yake.

Shi wannan murjani dabba ce 'yar mitsitsiya. Dubbansu ke zama wuri guda, kowace tana gina wa kanta ɗaki mai tauri, na baya su ɗora a kan na gaba, har ya zama tudu. A cikin tsokarta kuma akwai wata gansakuka da ido ba ya iya gani. Gansakukar tana sarrafa hasken rana ta samar da abinci, ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da yake ci, kuma ita ce take ba shi launi. Shi kuwa ya ba ta mafaka. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

Zafi kaɗan ne yake raba wannan zama. Idan ɗumin ruwa ya haura wanda aka saba gani a tsakiyar lokacin zafi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe kamar wata guda a haka, sai gansakukar ta fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinta, shi kuma ya kore ta. Nan da nan sai ka ga tudun ya koɗe, ya yi fari fat kamar ƙashi. A wannan lokaci bai mutu ba, yunwa ce ke cinsa. In ruwan ya huce da wuri, gansakuka ta dawo, ya farfaɗo. In zafin ya ci gaba, ya mutu, yauƙi ya lulluɓe shi, kifaye su watse.

Mu duba tudun murjani mafi girma a duniya, wanda ya miƙe kilomita 2,300 a gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya. Ya yi babbar koɗewa ta farko a 1998, ya sake a 2002. Daga nan ya samu hutun shekara goma sha huɗu. To, ku saurari abin da ya biyo baya: 2016, 2017, 2020, 2022, 2024. A 2016 kaɗai, kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin da ke ruwa mara zurfi ya mutu, galibi a ɓangaren arewa. Kuma ko irin da ya fi saurin girma yana bukatar shekara goma zuwa sha biyar kafin ya mayar da abin da ya rasa. Wannan ne ya fi damuna. Makiyayi ya san garke yakan murmure bayan fari, amma ba idan farin yana dawowa kafin maruƙa su girma ba.

A da akan ɗora laifin a kan yanayin El Nino, wanda ke ɗumama tekun Fasifik. Sai ga shi koɗewar 2022 ta zo a shekarar La Nina, lokacin da ake sa ran sanyi da gajimare. Dalili kuwa, teku ce take shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin kwal da man fetur da iskar gas ke tarawa a duniya. A watan Yulin 2023, ruwan wani mashigi a kudancin Fulorida ta Amurka ya kai digiri 38, har masana suka riƙa kwaso murjani suna zuba shi a tankuna a kan tudu. A Afrilun 2024, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa an shiga koɗewa ta huɗu da ta game duniya.

Tuddan nan ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku da su suka dogara. Masunci a Zanzibar ko Indunusiya a nan yake samun na cefane, kuma tudun ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso ƙofar gidansa. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa idan ɗumin duniya ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi, za a rasa kashi 70 zuwa 90 na waɗannan tuddai. In ya kai digiri biyu, sama da kashi 99.

Ana ta renon murjani ana dasawa, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai dashe ba ya sanyaya teku. Masana yanzu sun zuba ido a kan mashigin Aƙaba, can arewacin Bahar Maliya, inda murjanin wurin yake jure zafin da ke kashe 'yan'uwansa a wasu tekuna, suna neman gane sirrinsa.