WAI ME ZA A YI DA DIGIRIN HAUSA?

Mu dai malaman sakandare ne, masu 'yar difloma ta koyarwa, waɗanda alli ya ci wa yatsu tsakanin Tambuwal da Kebbe shekara ashirin da ɗoriya. Ba mu da rigar digiri balle hular furofesa. Amma da yake an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mun ga ya kamata mu kawo kukanmu wannan fili na marubuta, domin abin da ke damunmu ya shafi makomar alƙalami baki ɗaya.

Ga abin da ya tunzura mu. Muna da wani ɗalibi, ɗan wani ƙauye a ƙasar Kebbe, wanda idan ya rubuta insha'i sai mun yi ta miƙa wa juna takardarsa a ɗakin malamai. Da lokacin cika takardar JAMB ya zo, sai yaron nan ya zaɓi Hausa. Kwana biyu sai ga mahaifinsa a kan babur, ransa a ɓace. Bayan an gaisa ya ce, "Malam, ku ji tsoron Allah. Hausad da yaro yat tsotsa ga nonon uwatai, ita za ni sai da buhun gero in biya mai ya karanta? Mi za a yi da ita? Ɗiyan mutane na zama likita, nau shi zan mai tatsuniya?" Muka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Aka canza wa yaro takarda, aka rubuta aikin likita. Yau shekara uku ke nan yana zana jarrabawa makinsa bai kai ba, yana nan kasuwar Tambuwal yana sayar da katin waya.

Ba mu ga laifin dattijon nan ba. Abin da ya ji manya na faɗa shi ya maimaita. Da manyan muke.

Bari mu fara da yawan jami'o'in kansu. A 1948 guda ɗaya tal ke akwai a Nijeriya, ta Ibadan. A 1962 aka buɗe ta Ahmadu Bello a Zariya, ita kaɗai ta riƙe Arewa duka. A 1975 aka kafa ta Sakkwato, wadda aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Daga 1999, da aka ba 'yan kasuwa da ƙungiyoyi izinin buɗe nasu, sai abin ya zama kamar tsiron tumuƙu bayan ruwan shuka, har adadin ya haura 250. Mu nan kusa da mu, an kafa ta kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ta Jihar Sakkwato a 2009, sannan ta Tarayya a Birnin Kebbi da ta Gusau a 2013. Madalla, ba mu ƙi ba. Ɗan talaka da a da sai ya yi tafiyar yini zuwa Zariya, yanzu yana iya karatu ya kwana kusa da gida.

To amma fa yawan gini daban, yawan ilmi daban. Gwamnatin Tarayya da kanta ta gane haka, shi ya sa a watan Agusta na 2025 ta ba da sanarwar dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai, ministan ilmi ma ya ce akwai jami'o'in da ko ɗalibi guda bai nemi shiga ba. Ashe tuni an bar gasar ilmi an koma gasar suna. Kowane ɗan siyasa so yake a ce ya kawo wa garinsu jami'a, kowace jami'a so take a ce ta buɗe sashen likitanci ko na injiniya ko na kwamfuta, domin su ne ado, su ake sa wa hoto a kalanda. Sashen Hausa da na Tarihi da na Larabci kuwa sun zama 'yan bora, sai wanda aka rasa inda za a jefa shi ake turawa can, ya shiga yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi abin kunya.

Wannan raini daga sama ya faro. Manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe da tsara cewa a wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, kashi 60 cikin 100 na kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. Niyyar mai kyau ce, ƙasa na bukatar likitoci da injiniyoyi, ba mai musun wannan. Amma da maganar ta gangaro ƙauye sai ta rikiɗe ta zama wani abu. Yau a makarantunmu idan yara suka gama ƙaramar sakandare, sai a tsince masu ƙoƙari a zuba ajin kimiyya ko suna so ko ba sa so, ragowar a ce su tafi ajin adabi. Mun koyar a makarantar da ajin kimiyyarta ya cika maƙil, alhali ɗakin gwaje-gwajenta ba kome ciki sai jemagu da karyayyun kujeru. Yaro ya shekara uku yana haddace sunayen sinadaran da bai taɓa gani da idonsa ba. A ƙarshe ba tsuntsu ba tarko: bai zama likitan ba, kuma wasiƙa mai shafi guda ta gagare shi, da Hausar da Ingilishin.

Ku dubi abin da aka yi wa Tarihi. A sabon tsarin karatu na 2007 aka cire shi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɓurɓushinsa cikin wani darasi. Sai a 2022 aka yi bikin maido shi. To ina malaman? Shekara goma sha wani abu ana gaya wa matasa cewa Tarihi ba shi da kasuwa, sun guje shi, yanzu kuma ana cigiyar masu koyar da shi. Haka harshen uwa. A ƙarshen 2022 aka amince a koyar da yaran firamare da harshensu, a watan Nuwamba na 2025 aka soke, aka ce a koma Ingilishi, kuma cikin matsalolin da tsarin ya ci karo da su har da rashin littattafai da ƙwararrun malamai. Wa zai rubuta littafin lissafi da Hausa in ba wanda ya naƙalci Hausar ba? An sare itace, sannan ana kukan rashin inuwa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a ce a wannan ƙasa tamu ake wannan raini. Don Allah da me duniya ta san Sakkwato? Da masana'antar mota ko da rijiyar mai? Da tawada ta san ta. Wannan gari na Tambuwal ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe, mutumin da ya haɗa takobi da fasahar waƙa cikin Larabci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na maƙwabtanmu Gwandu ya wallafa tafsirinsa Liya'ut Tawili, ya tsara nahawu da sarfu a waƙe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har gobe duk mai binciken tarihin ƙasar Hausa sai ya ratsa ta kansa. Nana Asma'u da waƙoƙi ta ilmantar da matan ƙauyuka ta hannun jajinta da 'yan taru. Nahawu, waƙa, tarihi, shari'a, tafsiri: su ne fa darussan da yau ake ce wa na marasa ƙoƙari. Da a ce waɗannan bayin Allah za su zo makarantarmu yau, ajin da ake tura ragowa can za mu kai su.

Kuma su magabatan ba su raba ilmi gida biyu suna gaba da juna ba. Shi Muhammadu Bello ɗin nan ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Marigayi Shehu Shagari, ɗan maƙwabtanmu, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, amma da ya so yara su san labarin ƙasarsu sai ya tsara musu Waƙar Nijeriya. Ashe mai kimiyyar ma idan yana son maganarsa ta shiga kunnen jama'a, sai ya biyo ta ƙofar mai harshe.

Ita jami'ar Sakkwato da ake alfahari da ita, wa ya aza tubalinta? Shugabanta na farko Furofesa Shehu Galadanci masanin Larabci ne. Wanda ya gaje shi, Furofesa Mahdi Adamu, masanin tarihi ne, shi ya rubuta littafin nan a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, wanda aka buga a 1978. Waziri Junaidu, da ya rasu a 1997, bai taɓa zama a aji na jami'a ba, amma a zaurensa Bature Murray Last ya durƙusa ya ɗauki karatu kafin ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin digirin girmamawa a 1971, a jawabinsa ya ja kunnen jami'o'inmu cewa dashe ne da aka ciro daga wata al'ada, kuma ba za su amfani jama'a ba sai sun kafa saiwa a cikin ƙasar da suke. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan, jami'o'i sun ninka sun sake ninkawa, saiwar ce har yanzu muke nema.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce, malam, waƙa ba ta cika tumbi, ga masu digirin adabi nan birjik ba aiki. Gaskiya ne. To amma masu digirin kimiyyar fa, duka sun samu? Ku shiga tashar mota ta kowane gari ku tambayi masu acaba da masu cajin waya abin da suka karanta, za ku sha mamaki. Rashin aiki annoba ce da ba ta tambayar wane sashe ka fito. Sannan ita Hausar da ake rainawa tana ciyar da dubban mutane. BBC tun 1957 take watsa shiri da ita, Jamus da Sin suka biyo baya a 1963. Ana koyar da ita a jami'o'in Warso da Beijin. Gidajen rediyo da talabijin, masu shirya fim a Kano, kotuna masu bukatar tafinta, ma'aikatan lafiya masu son a fassara musu saƙon rigakafi yadda tsohuwa a Kuchi ko Margai za ta gane, duk mai harshe suke nema. Baƙo ya tsallako teku ya koyi harshenka ya ci abinci da shi, kai kana cewa ba shi da amfani!

Sai dai ba za mu rufe ba tare da mun taɓa namu ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku malaman jami'a na fannonin adabi, kuna da hannu cikin wannan raini. Kundaye nawa ɗalibai suka rubuta a kan makaɗa da mawaƙa da tarihin garuruwan kudancin Sakkwato, waɗanda suke jibge a kanta gara na ci? Mu da ke aji ba mu taɓa ganin ko ɗaya ya zama ɗan littafin da za mu saya mu karanta wa yara ba. Ana rubuta maƙala don a ƙirga ta wajen ƙarin girma, a buga ta a mujallar da ba mai gani sai wanda ya rubuta. In kun zama furofesoshi muna taya ku murna, amma yaron Dogon Daji da na Sanyinna me ya ƙaru da shi? Idan dattijon nan na Kebbe bai taɓa ganin amfanin digirin Hausa da idonsa ba, wa ya ɓoye masa?

Mu ma malaman sakandare ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka ce wa yaro mai ƙwazo, "Kai da kanka za ka tafi ajin adabi?" Da bakinmu muka shuka abin da muke girba.

Saboda haka ga roƙonmu. Hukumomin ilmi su bar auna darajar makaranta da yawan 'yan ajin kimiyya, a bar yaro ya bi abin da Allah Ya hore masa, kuma duk inda aka buɗe ajin kimiyya a sa masa kayan aiki na gaskiya. Gwamnatin jiha in za ta ba da tallafin karatu, ta ware wa masu Hausa da Tarihi da Larabci nasu kaso, da sharaɗin su dawo su koyar a ƙauyuka. Jami'o'i su zaɓi kundaye masu kyau su mai da su ƙananan littattafai da Hausa mai sauƙi, a farashin da malamin ƙauye zai iya.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, kada ku jira sai an ba ku digiri ko an ba ku izini. A kowane gari tsakanin Jabo da Kebbe akwai tsoho mai tarihin kafuwar garin a ka, akwai gidan malamai mai tsofaffin takardun ajami cikin gafaka, ruwan damina na yi musu barazana kowace shekara. Ku ɗauki biro da littafi, ko wayar nan da ke aljihunku, ku je ku durƙusa ku ɗauka tun kafin a yi jana'izarsu. Ku rubuta, ku kawo wannan mujalla, mu kuma mun yi alkawari za mu shiga da shi aji.

Shi kuwa yaron nan namu, mun koma wajen mahaifinsa da ƙoƙon bara, mun kai masa misalan da muka zayyana a sama. Ya saurara, ya yi shiru, ya ce zai yi shawara bayan kaka. Muna jira. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.