Amurka: ana neman a karrama ma'aikatan jinya na yaƙin duniya na biyu, bayan shekara 80

A majalisar dokokin Amurka akwai wani ƙudiri da bai cika ɗaukar hankalin kafofin watsa labarai ba. Yana neman a ba matan da suka yi aikin jinya cikin rundunar sojan ƙasa da ta ruwa a yaƙin duniya na biyu lambar zinariya ta majalisa, wadda ita ce babbar lambar yabon da majalisar ke bayarwa. Sanata Tammy Baldwin ta jam'iyyar Democrat da ƴar majalisar wakilai Elise Stefanik ta Republican na cikin masu tsaya ma ƙudirin, abin da ba kasafai ake gani ba a Washington ta yanzu, inda jam'iyyun biyu ba sa ga maciji da juna.

Aikin da matan suka yi ba ya buƙatar ƙarin gishiri. Kimanin 59,000 ne suka yi aiki a rundunar ƙasa, wasu 14,000 a ta ruwa. A watan Nuwamban 1942, sittin daga cikinsu suka sauka tare da sojoji a gaɓar Arzew kusa da Oran, a Aljeriya, suka kama aiki a wani tsohon asibiti ba lantarki ba ruwan famfo. A Anzio ta Italiya, a 1944, bama-bamai sun faɗa ma asibitocin tanti, shida suka rasu, huɗu kuma suka samu lambar jarunta ta Silver Star. A Filifin, Japanawa sun tsare 77 kusan shekara uku, suna fama da yunwa suna kuma jinyar sauran fursunoni, har aka kuɓutar da su a watan Fabrairun 1945. Ba ko ɗaya da ta mutu a tsare. A jimla, rundunar ƙasa ta rasa ma'aikatan jinya 201 a lokacin yaƙin.

To me ya jinkirta godiyar har yanzu? A ganina amsar tana cikin yadda ita rundunar ta ɗauke su tun farko. Da aka shiga yaƙi, galan da ke kafaɗarsu na je-ka-na-yi-ka ne: ana kiran mace laftana, amma albashinta da ikonta ba su kai na namiji mai wannan muƙami ba. Sai a 1944 aka ba su cikakken muƙami na wucin gadi, na dindindin kuma sai da dokar 1947, wadda ta sa Florence Blanchfield ta zama mace ta farko da ta riƙe cikakken muƙamin hafsa a rundunar ƙasa. Wanda aka ɗauka a matsayin ɗan rakiya, da wuya a tuna da shi ranar rabon ganima.

Na baƙaƙen fata ya fi ciwo. A 1941 rundunar ƙasa ta ƙayyade cewa 56 kawai za ta ɗauka, alhali ana kukan ƙarancin masu jinya. Sai da Mabel Staupers da ƙungiyarta ta ma'aikatan jinya baƙaƙen fata suka yi ta matsa lamba kafin a soke ƙaidin, kuma har aka gama yaƙi ba su wuce kusan 500 ba. An tura wasu Laberiya a 1943 don su kula da sojoji baƙaƙe. Wasu aka ba su jinyar fursunonin yaƙi na Jamus, wato sojojin gwamnatin da ta gina kanta a kan wariyar launin fata. Duk wanda ya taso ya ga tsofaffin sojojin Faransa a Damagaram ko Tawa, waɗanda aka daskarar da fanshonsu tun 1959 ba a daidaita ba sai bayan shekara kusan hamsin, zai gane irin wannan lissafi ba sai an yi mashi bayani ba.

Abin mamaki, daga waje aka riga gida yabawa. Lambar Florence Nightingale, wadda kwamitin CICR ke bayarwa duk shekara biyu ga mutum hamsin ko ƙasa da haka, a birnin Washington aka yanke shawarar ƙirƙiro ta, a 1912. Da aka fara raba ta a 1920, Amurkawa shida na cikin waɗanda suka samu, har da Helen Scott Hay da ta yi aiki a Kiev da Balgeriya, da Mary Gladwin da ta yi jinya a Belgirad lokacin annobar zazzaɓin kwarkwata. A kusa da Bordeaux kuma akwai makarantar koyon jinya da takwarorinsu Amurkawa suka yi karo-karo suka gina, don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko.

Ba na shakkar cancantar matan nan. Inda nake da ja shi ne sauƙin abin: lambar zinariya ɗaya ake bugawa ma rukunin duka, a yi biki, a aje ta a gidan tarihi, ba ta ɗora ma baitulmali wani nauyi. Kare mai jinyar da ke bakin aiki a yau ya fi haka tsada. Ran 3 ga Oktoban 2015, jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta a kan asibitin MSF da ke Kunduz, a Afganistan, mutum 42 suka mutu, 14 daga ciki ma'aikatan ƙungiyar ne. Washington ta ce kuskure ne, ta nemi gafara, ta ladabtar da wasu sojoji, amma ba wanda aka gurfanar gaban kotu. A watan Mayun 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudiri mai lamba 2286 kan kare asibitoci da ma'aikatansu, sai dai abin da ya biyo baya a Siriya, Gaza da Sudan ya nuna iyakar ƙarfin takarda. Sannan a 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, wadda kuɗinta ke riƙe da dakunan shan magani da albashin ma'aikatan lafiya a ƙasashe da dama na Afirka. A shekarar da ake neman yaba ma aikin jinƙai na jiya, a ita aka datse na yau.

Duk da haka ƙudirin na iya wucewa, don akwai waɗanda suka riga shi. Matan da suka tuƙa jiragen soja a yaƙin sun samu tasu lambar da dokar 2009. Bataliya ta 6888, ta mata baƙaƙen fata masu tantance wasiƙun sojoji a Ingila da Faransa, ta samu tata da dokar 2022, aka yi bikin a watan Afrilun 2025, lokacin da ƴan ƙalilan ne kawai daga cikinsu ke raye.

Ƙa'idar majalisa ita ce sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun sa sunansu kafin a duba irin wannan ƙudiri: sanatoci 67, wakilai 290. Tara waɗannan sunaye kan ɗauki shekaru, kuma idan wa'adin majalisa na shekara biyu ya ƙare, sai a sake farawa daga tushe. Matar da take da shekara 21 a 1945 ta cika 101 a 2025.